ABUBUWAN DA KE HANA MU RAGE ƘIBA DA YADDA ZA MU SHAWO KANSU



Ya ku 'yan uwana ɗalibai, da ku iyayenmu maza da mata masu karanta wannan mujalla, a wannan fitowa ina so mu tattauna wani al'amari wanda da wuya ka sami gidan da bai shafa ba, amma kuma ba a cika zama a yi maganarsa ba sai a cikin raha ko tsokana. Wannan al'amari kuwa shi ne ƙiba, da irin wahalar da mutum yake sha idan ya ɗaura niyyar rage ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a gidan yayata. Baiwar Allah ce mai 'ya'ya biyar, ba ta cika shekara 45 ba, amma ciwon gwiwa ya matsa mata har ta koma yin salla a kan kujera. Da ta je asibiti aka auna ta, likita ya ce jininta ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, kuma babban maganin da zai ba ta shi ne ta rage nauyi. Ta dawo gida da ƙarfinta. Karon farko ta daina karin kumallo da abincin rana gaba ɗaya. Ba a yi kwana goma ba jiri ya fara ɗibarta, ta koma cin abin da ya fi na da. Karo na biyu ta sayi wani shayi da ake tallarsa a waya, ta kwana uku tana zaryar banɗaki, ta watsar da shi. Karo na uku ta bi a hankali har ta fara ganin canji, sai surukarta ta zo ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kike ramewa haka? Ko akwai abin da ke damunki ne kike ɓoyewa?" Maigidan ma ya ce, "Don Allah ki riƙa cin abinci, kada danginki su ce na kasa riƙe ki." Shi ke nan, magana ta mutu.

To, jama'a, Yaya ba raguwa ba ce. Macen da take tashi tun asuba ta shirya yara biyar, ta yi girki, ta yi ɗinki, ba za a ce ba ta da juriya ba. Daga nan ne na fahimci abin da nake so in faɗa a wannan rubutu, wato yawancin waɗanda suke kasa rage ƙiba ba rashin niyya ne yake kayar da su ba. Tukunyar gidan ce, da bakin mutanen gidan, da kuma rashin sanin yadda jiki yake aiki. Saboda haka rage ƙiba aikin gida ne baki ɗaya, kuma ai an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

WACE ƘIBA MUKE NUFI?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san ba kowane mai jiki ne yake bukatar ragewa ba. Likitoci suna da wani lissafi da suke kira BMI. Za ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita, ka ninka tsawon da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fito. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, idan aka raba 80 da 2.56 za a sami 31 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum idan ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, idan ya kai 30 ya shiga ƙiba mai cutarwa, idan kuma bai kai 18.5 ba to rama ce take damunsa. Wannan lissafi na manya ne, yara suna da nasu daban a asibiti.

Akwai kuma hanya mai sauƙi da ba ta bukatar sikeli. Ka sami zare ka auna tsawonka daga kai zuwa ƙafa, ka ninke shi biyu, ka zagaya shi a cikinka daidai wajen cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, to kitsen ciki ya yi yawa. Wannan kitse na tumbi shi ne ya fi haɗari, domin yana kewaye hanta da hanji, kuma yana da hannu wajen kawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da ƙiba mai cutarwa, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Na san wani zai ce, "Haba, ana fama da tsadar abinci, wa yake ta ƙiba?" Gaskiya ne akwai yunwa a cikinmu, kuma ba abin wasa ba ce. Amma ku lura, abin da ya fi arha a kasuwa shi ne abin da ya fi sa ƙiba: garin kwaki, taliya, burodi, sukari da abin da aka soya. Shi ya sa za ka shiga gida ɗaya ka ga uwa da teɓa, ɗanta kuma a rame. Dukansu biyu abinci mai gina jiki suka rasa.

CIKAS NA FARKO: BAKIN MUTANE

A wurinmu idan aka ce wa mace "kin yi ƙiba", yabo ne. Idan amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai a fara tambayar ko mijin ba ya kula da ita. Namiji kuwa idan ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna, a fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Wannan tunani yana da asali, domin a zamanin da fari da yunwa suke yawan zuwa, mai jiki shi ne wanda ya sami wadata. Amma yanzu zamani ya juya. Har ta kai wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" domin su yi jiki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su deksametason, suna kumbura fuska, su tayar da sukari da jini, su raunana ƙashi.

Yadda za a shawo kan wannan cikas shi ne a yi magana a fili tun farko. Wanda likita ya ce ya rage nauyi ya tara mutanen gidansa ya gaya musu dalili. Idan mace ce, ya fi kyau maigida ya raka ta asibiti ya ji da kunnensa, sannan shi ne zai yi wa mahaifiyarsa da sauran dangi bayani cikin ladabi. Idan aka ce maka "ka rame", ka amsa da fara'a ka ce, "Lafiya lau, likita ne ya sa ni." Mu kuma masu kallo mu kama bakinmu. Tambayar da muke yi da sunan kulawa tana iya rushe aikin da mutum ya yi wata uku yana yi.

CIKAS NA BIYU: GAGGAWA DA HORON YUNWA

Ƙibar da aka tara cikin shekara goma, sai mutum ya so ya zubar da ita kafin bikin da za a yi wata mai zuwa. Sai ya daina cin abinci. Kwanakin farko sikeli zai sauka da sauri, ya yi ta murna, bai san yawancin abin da ya fita ruwa ba ne. Daga nan sai jiki ya fara ramuwa.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1994 wani masani a Amurka mai suna Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano wani sinadari da kitsen jiki yake fitarwa, ana kiransa leptin, wanda yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano wani mai suna girelin, wanda ciki yake fitarwa domin ya tayar da yunwa. Idan mutum ya rame, na farkon yana raguwa, na biyun yana ƙaruwa, sai yunwa ta yi ta cizonsa, jiki kuma ya rage yawan abin da yake ƙonawa. Wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa ko bayan shekara guda da rage nauyi waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke da ba. Wato jiki yana ɗaukar rama kamar fari ne ya zo, yana ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa. Ashe ke nan wanda ya rage ya koma ba lallai kwaɗayi ne ya kayar da shi ba.

Maganin wannan shi ne a rage buri. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Kuma ba sai mutum ya koma kamar yadda yake yana saurayi ko budurwa ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana sauke jini da sukari, yana sauƙaƙa wa gwiwa. Ga mai kilo 80, wannan kilo 4 ne zuwa 8 kacal. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 waɗanda suke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka buga sakamakonsa a 2002, an sa wani rukuni su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani kashi 31 ne ya ragu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai kuma lokacin da sikeli zai tsaya cik, mako uku ko huɗu ba ya motsi. A nan ne da yawa suke karaya. Wannan ba alamar an kasa ba ce, ƙaramin jiki ne yake bukatar abinci kaɗan. A daure, a ɗan ƙara tafiya, a sake duba abin da ake ci.

CIKAS NA UKU: SUKARI DA MAI

Sau da yawa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa shi ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya yake faɗa. Abin da yake sha ne bai lissafa ba. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4 na sukari. Wanda yake zuba cokali uku a shayin safe da uku a na dare, a shekara ya shanye kusan kilo 9 na sukari, ban da madarar gwangwani. Kwalbar lemo irin ta kola mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. To a haɗa da zoɓo, da kunun aya, da fura, da koko, waɗanda duk muke zuba wa sukari har sai sun yi zaƙi raɗau. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, ta ce in ya tsaya a 6 ya fi alheri. Gwamnatin Nijeriya ma a dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Illar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa. Ka sha kwalba biyu, ka zauna ka ci tuwonka kamar ba ka sha komai ba.

Sai mai. Ƙarfin abinci ana auna shi da abin da ake kira kalori. Giram ɗaya na shinkafa ko sukari tsantsa bai wuce kalori 4 ba, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kimanin kalori 120. Yanzu ku tuna ludayin da muke kwarara wa miya har mai ya taso a sama, da wanda ake malala wa shinkafa da wake ko ɗanwake, da ƙosai, da fanke, da awara, da soyayyar doya.

Ba na cewa a daina shayi ko a ci miya gaya. A rage a hankali. Wannan makon cokali biyu maimakon uku, bayan mako biyu a koma ɗaya. Harshe yana sabawa. Lemon kwalba a mayar da shi na ranar salla da biki, ruwa ya zama abin shan yau da kullum. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali, ta daina tuttulawa daga galan. Ƙosai wata rana a mayar da shi alala, kifi da nama a gasa ko a yi farfesu. Wannan ma ragin kuɗin cefane ne, maigida ba zai ƙi ba.

CIKAS NA HUƊU: TUKUNYA ƊAYA DA KARA

Ba zai yiwu a ce uwa ta girka wa gida taliya da mai da yaji, ita kuma ta koma gefe tana cin ganye ba. Kwana nawa za ta yi? Ga kuma ragowar yara da take cinyewa don kada a zubar, ga ɗanɗanon girki, ga kwanon maƙwabta. Idan aka je biki ko suna kuma aka ajiye maka waina da alkaki da cincin, ka ce ka ƙoshi, sai a ce ka raina. Maza ma haka, a majalisa ana ciyayya, kowa ya fito da kwanonsa, ga mai tsire a gefe.

Hanya ɗaya ce, a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, domin abin da zai amfani mai ƙiba zai amfani kowa. Allah Ya hore mana abubuwa masu kyau kuma masu sauƙin kuɗi: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji, kuɓewa, kuka, kabewa, wake, gero, dawa da acca. A raba faranti kamar haka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ƙara miya. Kwaɗon zogale, da fate mai ganye, da dambu mai zogale ba abincin talauci ba ne, suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da burodi. Mai son ragewa ya zuba nasa a kwanonsa daban domin ya ga iyakar abin da ya ci, ya ci a hankali, domin ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Darasin raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, babu ɗan Islamiyyar da bai haddace shi ba. Aikatawa ce ta rage mana.

A wajen biki kuwa, ka ɗan taɓa, ka yi godiya, ka ce a ƙulle maka sauran ka kai wa yara. Ka fita kunya, ba ka kuma cuci kanka ba.

A nan ya kamata in taɓo watan azumi. Da yawa suna sa ran za su rame a cikinsa, amma da an sha ruwa sai a jera kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, sannan tuwo ya biyo baya. Ɗan abin da aka rage ma yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Da za mu buɗe baki da dabino da ruwa, mu yi salla, sannan mu ci abinci daidai kima, da watan ya zama mafarin gyara.

CIKAS NA BIYAR: ZAMA WURI ƊAYA

Kakanninmu mata suna daka, su yi niƙa, su ja ruwa a rijiya. Maza suna tafiya gona da kasuwa a ƙasa. Yau inji ya karɓi daka da niƙa, babur da Adaidaita Sahu sun karɓi tafiya, ko masallacin unguwa wani sai ya hau mashin. Ɗan kasuwa yana zaune a shago daga safe har magariba. Sauƙi ne Allah Ya kawo, amma cin abincinmu bai ragu daidai da yadda aikin ya ragu ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, yara kuma awa guda kullum. Ba sai an sayi kayan wasanni ko an je wani wuri ba. Tafiya da ɗan sauri, wadda za ta sa ka ɗan yi haki amma kana iya magana, ta wadatar. Maigida ya tafi masallaci da ƙafa, ya sauka daga mota kafin ya ƙarasa kasuwa. Uwargida da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci, ko ta haɗu da maƙwabciyarta su tafi Islamiyya da ƙafa. Mai ciwon gwiwa ya fara da minti biyar, ya riƙa ƙarawa.

Sai dai a kula, motsa jiki kaɗai ba ya isa idan ba a gyara ci ba. Tafiyar rabin awa tana ƙona kalori kusan daidai da abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya. Wanda ya dawo daga tafiya ya ce bari ya saka wa kansa da lemo mai sanyi, ya yi aikin baban giwa. Amfanin motsa jiki ya fi bayyana wajen lafiyar zuciya da hana ƙibar dawowa.

CIKAS NA SHIDA: RASHIN BARCI DA DAMUWA

Wannan mutane ba su cika lura da shi ba. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Binciken masana ya nuna ƙarancin barci yana tayar da sinadarin yunwar nan da muka ambata, ya sa mutum sha'awar zaƙi da maiƙo. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya ko kallon fim, ga asuba tana jiransa, da wuya bai nemi Indomie ko shayi da burodi a tsakiyar dare ba. Haka kuma akwai waɗanda idan ransu ya ɓaci abinci ne abokin hirarsu. A ci abincin dare da wuri, a ajiye waya bayan isha'i, wanda kuma damuwa ta yi masa yawa ya sami wanda ya amince da shi ya faɗa masa, ko ya ga likita.

CIKAS NA BAKWAI: MASU TALLAR MAGANI

Duk wanda ya ce maka yana da shayi ko garin da zai narkar da tumbi cikin mako guda, kuɗinka yake so. Yawancin irin waɗannan suna sa gudawa ne ko yawan fitsari, ruwa ya fita, kitse yana nan daram, ƙoda kuma ta sha wahala. An sha kama wasu da aka cakuɗa da wani magani mai suna sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Kada a sha abin da ba shi da rajistar hukumar NAFDAC, kuma ko mai rajistar ne a tambayi likita.

Gaskiya ne yanzu akwai allurai na gaske, irin su Wegovy da aka amince da ita a Amurka a 2021, waɗanda suke rage yunwa har mutum ya sauke nauyi sosai. Amma suna da tsada, suna da nasu illoli, idan aka daina yawancin nauyin yana dawowa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun irin waɗannan allurai. Ba abin saye a hannun 'yan talla ba ne.

Har ila yau, akwai wanda ƙibarsa tana da dalili na rashin lafiya, kamar raunin wani ƙullutu da ke maƙogwaro mai suna tayirod, ko matsalar ƙwayayen mahaifa ga mata, ko wasu magunguna da yake sha. Gado ma yana da nasa kaso. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa bai ga canji ba, ya koma asibiti. Mai ciki, da mai shayarwa, da wanda yake shan maganin sukari ko na hawan jini, kada su canza cin abincinsu sai da shawarar likita.

GARE KU ƊALIBAI

Ku yara masu tasowa, jikinku yana kan gini ne, saboda haka babu ruwanku da horon yunwa ko ƙin karin kumallo. Abin da ake so gare ku shi ne ku rage alewa da lemo da biskit a lokacin tara, ku yi wasa da guje-guje, ku taya iyayenku aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan ku ji tsoron Allah ku daina tsokanar ɗan ajinku mai jiki, kuna kiransa lukuti ko buhu. Tsokana ba ta taɓa ramar da kowa ba, sai dai ta sa yaro ya ƙi makaranta, ya ɓuya a ɗaki, ya ƙara cin abinci don baƙin ciki. Idan kuma Umma ko Baba suna ƙoƙarin ragewa, ku ne 'yan taimako. Kada ku yi ƙorafi don an rage mai a miya. Ku raka Baba tafiya bayan la'asar, ku karanta wa Kaka wannan shafi.

Daga ƙarshe, bari in koma kan Yaya. A karo na huɗu maigidanta ya raka ta asibiti, ya ji bayani da kansa, aka kuma auna shi aka ga shi ma jininsa yana sama. Daga ranar aka daina sayen lemo a gidan sai an yi baƙi, aka koma auna mai da cokali, ganye ya yawaita a tukunya, su biyun suna zagaya unguwa bayan sallar asuba. Shi da kansa ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani. Cikin wata takwas Yaya ta sauke kilo 7. Har yanzu mai jiki ce, wanda bai san ta ba ba zai ce ta rage komai ba, kuma akwai makon da biki yake mayar da ita baya ta sake tashi. Amma ta ajiye kujerar nan, tana kai goshinta ƙasa.

Ina roƙon kowane gida da wannan mujalla ta shiga, a zauna yau da daddare a zaɓi abu ɗaya tak daga cikin waɗanda muka lissafa, a fara da shi har ya zama jiki, sannan a ƙara wani. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita, Ya sa albarka a cikin abin da muke ci da sha, amin.

Wassalamu alaikum.